Jirgi, Zango da Fito: Tarihin Ƙetare Iyaka Daga Ƙasar Kende

Kende gari ne a ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, a bakin Gulbin Kabi, ba nisa da inda gulbin yake juye ruwansa cikin Kwara. Mutumin da ya yi sallar asuba a can, in hanya ta yi kyau kuma mota ba ta yi gardama ba, yana iya bin gadar Tuga ya haye Kwara, ya nufi Lolo ko Tsamiya, ya yi la'asar a cikin Jamhuriyar Benin. Nijar ma ga ta nan kusa, ta Kamba ake ɓullewa Gaya. Ƙasa uku ke nan a tafiyar yini guda. Amma duk wanda ya taɓa saɓa jaka shi kaɗai ya nufi tsallake ya san ba da kilomita ake auna wannan tafiya ba. Da ƙofofi ake auna ta: nawa za ka wuce, wa ke tsaye a bakin kowace, me zai nema a hannunka, kuma yau a buɗe take ko a rufe.

Akwai kalmomi uku da matafiyin wannan yanki bai rabu da su ba tun zamanin kakanni. Jirgi asalinsa na ruwa ne, irin wanda Sarkawa ke fafewa daga gungumen itace. Da na dogo ya zo aka ce jirgin ƙasa, da na sama ya sauka aka ce jirgin sama. Zango wurin da fatake ke sauke kaya ne su kwana. Yau in jirgi ya tsaya a Lome ko Adis Ababa, sai ka ji an ce ya yada zango. Fito kuwa ƙetarar da mutum ne da kayansa daga wannan gaɓa zuwa waccan, da ladan da ake biya a kai; yanzu har masu shigo da shinkafa ta ɓarauniyar hanya 'yan fito ake ce musu. Waɗannan uku suna nan da ransu. Ta huɗunsu ce ta ɓace, wato madugu, tare da ayarin da yake ja.

Zamanin ayari

A ƙarni na 19 babbar hanyar da ta ratsa wannan yanki ta goro ce. Fatake kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, su biyo ta kasuwar Jega, su gangaro Kwara su haye a Illo ko Gaya ko Yawuri. Daga nan su kutsa ƙasar Borgu ta Kandi ko Nikki, su bi Jugu da Sansanne Mango har Salaga ta ƙasar Gwanja, inda goron Asante ke jiransu. Suna tafe da kanwa da tufafin rini da fatu da gabu a bayan jakuna, su komo da goro a naɗe cikin ganye, ana yayyafa masa ruwa, ana tsince wanda ƙwaro ya taɓa. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara guda. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan fatauci.

Ba mai yin wannan tafiya shi kaɗai sai wanda ya gaji da ransa. Ayari kan kai mutum ɗaruruwa, babba ya haura dubu. Madugu ne shugaba, shi ke yanke ranar tashi da wurin kwana, shi ke raba gardama. Jagaba yana gaba yana duba hanya da jin labarin abin da ke cikinta. Uban dawaki yana tattara kason kowa na kuɗin da za a biya sarakunan hanya. Akwai malami mai addu'a da rubuta lissafi.

A bakin fito ake ganin amfanin wannan tsari. Ayari ya iso gaɓar Kwara, a sauke kaya, a jera su. Madugu ya aika wa sarkin gari gaisuwa, a zauna ciniki: nawa za a biya kan kowane kaya, nawa kan kowane jaki. A ƙirga wuri a miƙa. Sannan masu jirage su fara jigila, mutane da kaya a ciki, dabbobi suna iyo a gefe an riƙe musu kai sama da ruwa. Babban ayari sai ya kwana yana hayewa. Ƙaramin falke mai jaki biyu bai taɓa tsayawa gaban sarki ba, ba a taɓa tambayarsa sunansa ba. Kasonsa kawai yake bayarwa, wani ya yi magana a madadinsa. In an isa zango kuma akwai mai masauki, wanda zai ajiye masa kaya, ya nemo mai saye, ya yi masa tafinta, ya tsaya masa in rigima ta taso. Shaidar mutum a wancan zamani ita ce wanda ya san shi.

Ta irin waɗannan hanyoyi malamai ma suka bazu. Malam Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858 kuma asalin gidansu Kabawa ne, ya bi sawun fatake har ya zauna a Salaga a 1892, daga baya ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934. Unguwannin da ake kira Zango a Kumasi da Lome da Kwatano duk jikokin wancan zangon fatake ne.

Kada a ɗauka zamanin daɗi ne. Dajin Borgu ya yi suna wajen 'yan kwanton ɓauna. Ana mutuwa da ciwo a hanya, ana kama mutane a sayar, kuma cikin masu ɗaukar kayan ayarin kansa akwai bayi. Abin lura dai shi ne wahalar a kan jama'a take sauka, a raba ta.

Mil goma daga Giris

A ƙarshen 1894 Turawan Ingila da na Faransa suka yi tseren isa Nikki, kowa na son ya riga ɗan'uwansa ƙulla yarjejeniya da sarkin Borgu. Kyaftin Lugard ya riga Bafaranshe Decoeur da 'yan kwanaki, amma gardama ba ta mutu ba, har sojojin ɓangarorin biyu suka yi ta kafa tuta kusa da juna a garuruwan Borgu. Sai ranar 14 ga Yuni 1898 aka sa hannu a birnin Paris kan yarjejeniyar da ta raba ƙasar. A cikinta aka rubuta cewa iyaka za ta taɓa gaɓar Kwara ta dama a wani wuri mai nisan mil goma sama da tsakiyar garin Giris, mashigin jiragen Illo. Giris tana nan har yau a ƙaramar hukumar Bagudo, mazaɓa ɗaya da Lolo. A 1906 aka sake zama aka tantance layin daga bakin teku har Kwara.

Da wannan alƙalami Illo da Bussa suka faɗa hannun Ingila, Nikki da Kandi da Gaya suka faɗa hannun Faransa. Kyangawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawan da ke auratayya da cin kasuwa ɗaya suka wayi gari talakawan gwamnati biyu. Daga baya Ingilishi suka haɗa Illo da Kaoje da masarautar Gwandu a Lardin Sakkwato. Faransawa kuma suka raya gari a gaɓar da ke kallon Gaya, suka sa masa sunan wani gwamnansu na Dahomey, Henri Malan, shi ne Malanbil. A 1958 aka haɗa garuruwan biyu da gada.

A farkon lamari layin bai hana kowa zirga-zirga ba, domin masu tsaronsa ba su da yawa, daji kuwa da faɗi. Har ma ya zama mafaka: in aikin tilas da harajin Faransa suka yi tsanani, sai mutane su kwashe iyali su tsallako ɓangaren Ingilishi. Abin da ya kashe ayari daban ne. Salaga ta fara dusashewa bayan Ingila ta ci Asante da yaƙi a 1874, yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa ta. Dogo ya isa Kano a 1911. 'Yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka gane cewa goro zai iya bin jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko, ya hau jirgin ƙasa zuwa Arewa cikin makonni. Tikiti ya maye gurbin madugu. A karo na farko mutum ya iya tafiya mai nisa ba tare da ya jira kowa ba, kuma a karo na farko ya zama shi zai amsa kowace tambaya da bakinsa.

Hanyar gabas

Tafiyar da ta fi kowace tsawo ita ce ta Makka. Maniyyaci daga ƙasar Kabi kan bi ta Kano da Barno, ya ratsa Wadai da Darfur, ya haye Nilu, ya kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, ya nemi jirgin ruwa zuwa Jidda. Guzuri ba ya kai mutum. Sai ya tsaya ya yi noma ko ƙodago, ya tara, ya ƙara gaba. Shekaru ake yi, shi ya sa mai tafiya kan yi sallama da dangi irin ta wanda ba lalle ya dawo ba. Da yawa ba su dawo ɗin ba. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas da ɗimbin jama'a, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin Shuɗin Nilu har gobe.

Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sojan saman Ingila guda uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, su ne na farko da suka taɓa ƙasar Nijeriya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Kartum da Kano. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Kano ta zama zangon jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka: su sauka, su sha mai, fasinja su miƙe ƙafa, su tashi. Birnin da ya saba saukar da ayarin raƙuma daga Sahara ya koma saukar da na sama. A ƙarshen shekarun 1940 attajiran Kano irin su Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka shiga jigilar alhazai da manyan motoci ta Sudan, cikin shekarun 1950 kuma jigilar ta koma sama.

Da jirgi ya gajarta hanya, sai takarda ta tsawaita shiri: fasfo, hoto, biza, allurar rigakafi da katinta. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai a 1975, aka sake mata fasali ta zama NAHCON a 2006. Ranar 15 ga Mayu 2024 jirgin farko na alhazan Nijeriya na wannan shekara daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, ya tashi. Tafiyar da kakan mutumin Kende ya yi cikin shekaru, jikansa ya yi ta tsakanin sallah da sallah. Kuma a aikin hajji ne kaɗai tsohon tsarin ayari ya rage: akwai Amirul Hajji, akwai malamai masu bita, akwai jami'an da ke riƙe takardu su yi magana da hukuma a madadin tsohuwar da ba ta taɓa ganin filin jirgi ba. Wanda zai fita don kasuwanci ko karatu ko jinya ko ziyara, shi ne madugun kansa, shi ne jagaba, shi ne uban dawaki.

Tutoci uku, takardu iri-iri

A 1960 Dahomey ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Agusta, Nijar ranar 3 ga Agusta, Nijeriya ranar 1 ga Oktoba. Layin Turawa ya zama iyakar ƙasa da ƙasa, kowane gefe da tutarsa da kakinsa: nan kwastan da 'yan sanda da jami'an shige da fice, can duwan da jandarma. Har zuwa Afrilun 1972 direban da ya tsallaka sai ya sauya hannu, domin Nijeriya hagu take bi irin na Ingila, maƙwabtanta kuwa dama. A 1973 naira ta maye gurbin fam. A 1975 Dahomey ta koma Benin. Kuɗin tsallake kuwa sefa ne, kuma lissafinsa tarko ne ga baƙo: da dala ake ƙirgawa, dala ɗaya sefa biyar ce, don haka in mai kabu-kabu ya ce maka ɗari, ɗari biyar yake nufi, jaka kuma dubu ce. Nan mai masaukin dā zai raɗa maka a kunne. Yanzu sai an cuce ka sau ɗaya kake koya.

Baƙin da suka daɗe a zangunan kudu su suka fara ɗanɗana sabon zamani. A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Ghana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Cikin waɗanda aka kora akwai Hausawa da Zabarmawa da Yarabawa da aka haifa a can, ba su san wata ƙasa ba. An kafa ƙungiyar ECOWAS, wadda mutanen tsallake ke kira Sedeyawo, a Legas ranar 28 ga Mayu 1975, kuma a 1979 a Dakar shugabanninta suka amince ɗan kowace ƙasa ya shiga 'yar'uwarta ba biza ya zauna har kwana 90. Ba a cika shekara huɗu ba, a Janairun 1983, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka kama hanya, akasarinsu 'yan Ghana, dubbai suka maƙale a iyakokin Benin da Togo suna kwana a fili. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa saboda canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai Maris 1986. Rufewar ta zo daidai da fari, hatsin Nijeriya ya daina shiga Nijar, har mutanen can suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunan El Buhari.

Tun daga nan matafiyi ya fahimci cewa abin da aka sa wa hannu a babban taro daban, abin da ke bakin shinge daban. Yarjejeniya ta ce a wuce kyauta in akwai shaida. A hanya kuwa akwai igiya ko gungume a gicciye, da mutum a ƙarƙashin rumfa yana cewa a sauko. Mai fasfo a tambaye shi katin allurar shawara, mai kati a tambaye shi inda zai sauka, wanda ya cika komai a ce ya kawo na goro. Koke ne da aka daɗe ana yi a kowane gefe na iyakokin Afirka ta Yamma. Mutumin gari da ke zuwa cin kasuwa a tsallake kan wuce a kan babur da ɗaga hannu, don an san fuskarsa da ta ubansa. Baƙon da ya zo daga nesa da cikakkun takardu shi ake tsarewa. Ashe tsohuwar ƙa'idar zango ba ta mutu ba: sani ya fi hatimi.

Zangon sama

Wanda ya gaji da shingaye sai ya ce bari ya bi sama. A nan ma tarihi ya bar masa kwana-kwana. Ƙasashen rainon Faransa sun haɗa hannu sun kafa Air Afrique a 1961, Nijeriya kuma tana da Nigeria Airways. Na farko ya durƙushe a 2002, na biyu ya bi shi a 2003. Shekarun da suka biyo baya, ba abin mamaki ba ne mai zuwa wata ƙasar Afirka ya bi ta Turai kafin ya isa. Ministocin Afirka sun amince a Yamusukuro a 1999 cewa a buɗe wa kamfanonin juna sararin sama, Tarayyar Afirka ta sake ƙaddamar da shirin a Janairun 2018, amma aiwatarwa tafiyar hawainiya take yi. Kamfanin ASKY da ya fara tashi a 2010 ya mai da Lome mahaɗa, Air Côte d'Ivoire kuma ya mai da Abijan. Sakamakon shi ne Yamai ta fi Abuja kusa da Birnin Kebbi nesa ba kusa ba, amma mai son zuwa can ta sama sai ya fara yin kudu zuwa Abuja ko Legas, sau da yawa ya sake yin yamma zuwa bakin teku, ya jira, sannan a dawo da shi arewa ya sauka kusa da inda ya taso.

Na taɓa kwana a irin wannan zango, a filin jirgin wani birni na bakin teku, bayan kamfanin da ya ɗauko mu ya ce jirgin da zai ƙarasa da mu sai gobe. Ba masauki, ba cikakken bayani. Kuɗin aljihuna naira ce, ba mai karɓarta a can. Agogon wurin yana bayan namu da awa guda, har na rikice kan lokacin sallah. Ina zaune rungume da jaka sai wani dattijo ya matso.

"Ɗana, daga ina ka hito?"

Da jin wannan "hito" na san na gida ne. Ya ce shi mutumin wajen Bagudo ne, zai je duba ƙanensa da ya daɗe a wata ƙasa. Ya zaro wata leda daga aljihun ciki, an ɗaure ta da roba: fasfo, katin allura, tikiti, da wata takarda da aka rubuta lambar waya da manyan baƙaƙe.

"Baba, ba ka sa lambar a waya ba?"

"Waya tana mutuwa, ɗana. Takarda ba ta neman caji. Riƙe mini jakar nan in yo alwala."

Sai a lokacin na lura cewa awa uku ke nan ina son yin alwalar, na rasa wanda zan bar wa kaya. Ya dawo, ni ma na je. Kafin tsakar dare mun zama mu bakwai: wani saurayi mai abin caji da kowa ya yi layi a kai, wani mai dabino da ƙuli-ƙuli, da wata Bazabarma 'yar kasuwa da ke jin Faransanci. Muka yi kwanan karɓa-karɓa, wasu na barci wasu na gadi. Da safe da aka buɗe kanta, dattijon ya ce, "Kowa ya ba Hajiya tikitinsa. Ita za ta yi magana, mu mu tsaya bayanta." Haka aka yi, kuma duka muka sami kujera. Da muka sauka kowa ya kama gabansa, ban ma tambayi sunan kowa ba.

Shekarun rufe ƙofa

Daga 2016 Nijeriya ta fara matse iyakokinta na ƙasa: aka hana shigo da shinkafa ta nan, a farkon 2017 aka hana motoci. Kebbi na cikin jihohin da aka ɗora wa fatan ciyar da ƙasa da shinkafar gida, tashar jiragen ruwan Kwatano kuwa ita ce babbar mashigar ta waje. Ranar 20 ga Agusta 2019 aka rufe iyakokin. A Nuwamban shekarar aka hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya jefa garuruwan bakin layi cikin tsadar mai da ta sufuri. Ana cikin haka annobar korona ta zo, aka rufe filayen jirgin sama ga jiragen waje daga 23 ga Maris zuwa 5 ga Satumba 2020. Alhazan waje ba su je Makka ba a 2020 da 2021. A Disamban 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Kamba sai Afrilun 2022.

Ba a gama numfasawa ba sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023. ECOWAS ta sa takunkumi, Nijeriya da Benin suka rufe iyakokinsu da Nijar, aka yanke wutar da ke tafiya daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, Nijar kuma ta rufe sararin samanta a farkon Agusta. Ɗalibai da majinyata da 'yan kasuwa suka maƙale a inda labarin ya same su. An janye takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, Nijeriya ta buɗe nata gefen a Maris. Amma Nijar ta ƙi buɗe gadar Gaya da Malanbil, ta ce tana da damuwar tsaro, aka bar ta a toshe da kwantenoni.

Sai tarihi ya juyo da baya. Motar fasinja ta taso daga Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 700, ta sauke mutane a Malanbil. Kowa ya ɗauki jakarsa ya hau kabu-kabu zuwa bakin ruwa. A yi cinikin kuɗin mutum daban, na kaya daban. A shiga kwale-kwale mai inji, a ratsa Kwara ana hango gadar ba kowa a kanta, a sauka a gaɓar Gaya a nemi wata mota. Fito ne sak irin na zamanin fatake, sai dai babu madugun da zai yi ciniki sau ɗaya domin kowa. Ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar takardun mutanensu da barinsu su yi zirga-zirga kafin a cim ma sabon tsari.

Layin da aka ja sama da Giris yana nan kusan inda aka bar shi fiye da shekara ɗari da suka wuce. Abin da ke sauyawa shi ne hukuncin da ake yankewa a Abuja da Kwatano da Yamai, wanda mutumin Kende kan ji a rediyo da dare, ya tarar da shi a bakin shinge da safe. Shi ya sa mai niyyar tsallake a yau ba ya fara da sayen tikiti. Tasha yake fara zuwa, ya gaisa da direbobi da 'yan kamasho, ya tambaya: ta Lolo ake bi yau ko ta Tsamiya, shinge nawa ne, nawa ake canjin jaka, wa ya dawo jiya? Tambayoyin da jagaba ke amsa wa ayari ke nan. Sannan ya canza kuɗi kashi biyu, ya raba su aljihu daban-daban, ya naɗe takardunsa a leda don ruwan fito. In ya shiga mota sai ya dubi na kusa da shi ya ce, "Malam, ina aka nufa?" In hanyarsu ɗaya ce, to ayari ya fara haɗuwa.